Wane Takalmi Ake Sawa da Kilt? Tambayoyi da Amsoshi kan Gili, Burog da But

Kilt shi ne zanen ulu mai gida-gida da tattara a baya, wanda mazan Sukotlan ke ɗaurawa daga cibiya zuwa tsakiyar gwiwa. Da yake ƙwauri a fili yake, ido ba ya tsayawa a zanen, nan da nan yake sauka kan safa da takalmi. Shi ya sa gardamar takalmi ta fi zafi tsakanin masu sa shi fiye da yadda baƙo zai zata. Ga tambayoyin da aka fi yi, musamman daga wanda aka gayyata ɗaurin aure ko liyafa a Gilasgo, Edinbara ko Aberdeen, aka ce ya zo da kayan gargajiya.

Dole ne sai na sa takalmin nan mai doguwar igiya da ake naɗewa a ƙafa?

Ba dole ba ne. Sunansa a shaguna ghillie brogue, mu a nan za mu riƙa ce masa gili. Abin da ya sa mutane ke ɗauka shi kaɗai ne daidai bai wuce shagunan bayar da haya da ƙungiyoyin masu busa algaitar Sukotlan mai salka ba. Shagon haya yana son abu guda da zai ba kowa, ango da abokan ango, sai ya haɗa kilt da baƙin kwat da farar safa da baƙin gili. Hotunan aure suka cika da wannan shiga har ta zama kamar doka.

Amma a dubi waɗanda suka tashi cikin kilt. Sarki Charles, idan ya je wasannin gargajiya na garin Braemar da ake yi a Asabar ta farko ta watan Satumba, takalmin fata sau-ciki mai harshe da gajeriyar igiya ake ganinsa da shi. Sojojin rundunar Sukotlan a faretinsu baƙin takalmi suke sawa, su rufe shi da farin ƙyalle mai maɓallai har saman idon sawu. Zane-zanen da Kenneth MacLeay ya yi wa Sarauniya Victoria na mazan tsaunuka a shekarun 1860 ma sun nuna takalma iri-iri: mai maɓallin ƙarfe, sau-ciki na yau da kullum, ɗan but mai kai wa idon sawu, da gili, kuma masu gilin ba su ne suka fi yawa ba.

Ra'ayinmu shi ne gili takalmi ne mai kyau a wurinsa, amma wanda zai sayi ƙafa ɗaya tak ya fi masa alheri ya sayi baƙin burog mai harshe, wato takalmin fata sau-ciki mai hudojin ado da gajeriyar igiya. Zai sa shi da kilt, ya sa shi da wando ranar aiki.

To daga ina gilin ya samo asali, kuma me ya sa ba shi da harshe?

Kalmomin biyu, ghillie da brogue, daga Gelik suke, harshen mutanen tsaunukan Sukotlan. Gille na nufin yaro ko bara, daga baya ya zama sunan mai raka masu farauta da masu kamun kifi. Bròg kuwa takalmi ne kawai.

Akwai tsohuwar shaida a rubuce. A 1543 wani malamin coci mai suna John Elder ya rubuta wa Sarki Henry na Takwas na Ingila wasiƙa, yana bayanin yadda mutanensu ke yin takalmi. Idan sun kashe barewa sai su feɗe fatar nan take, mutum ya ɗora ƙafa a kai ya yanka daidai abin da zai kai masa idon sawu, gashin yana waje, ya huda saman don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita, ya ja da tsirkiyar fata ya ɗaure. Ƙasa ce ta fadama da caɓi da ƙananan rafuka, takalmin da zai hana ruwa shiga babu shi, don haka dabarar ita ce a bar shi ya shiga ya fita. Daga nan ake danganta rashin harshen, don takalmi ya bushe da wuri, da ɗaure igiya a sama, don kada ƙullin ya nutse a taɓo.

Gilin da ake sayarwa yau jikan wancan ne a kama kawai. Takalmin masana'anta ne mai tauri da dunduniya, hudojin da ke jikinsa ado ne, ba su ratsa shafin ciki ba. Wanda ya taka kududdufi da shi zai gane haka: ruwa zai shiga ta inda babu harshe, ya zauna a ciki.

Yaya ake ɗaure igiyar?

Igiyar gili takan kai santimita 150 ko fiye, da ɗan tuntu na fata a kowane baki. Da farko a daidaita tsawon ɓangarorin biyu tun kafin a sa ƙafa, don in ɗaya ya fi ɗaya tuntun zai rataya ba daidai ba, kuma gyaransa sai an kwance komai.

1. A sa safa a miƙar da ita sosai, sannan a sa takalmi a ja igiyar ta kama saman ƙafa.
2. A yi ƙulli guda irin na farkon ɗaurin kowane takalmi. Wasu na tsallake wannan, amma shi ke hana bakin takalmin saki.
3. A murɗe igiyoyin biyu da juna sau uku zuwa biyar, su zama kamar tufkakkiyar igiya guda da ta hau gaban ƙafa.
4. A raba su a zagaya ta baya, sama da ƙashin idon sawu kaɗan, a gitta su ko a murɗa sau ɗaya ko biyu.
5. A dawo da su gaba a yi ƙullin zarge, a ninka shi biyu.

Inda ƙullin zai zauna shi ma abin musu ne. Wasu na son sa a gaba tsakiyar ƙwauri, wasu a gefen waje. Duka ana yi. Abin da ba a yi shi ne ƙafa ɗaya gaba, ɗaya gefe.

Igiyar tawa kullum sai ta zame ta taru a kan takalmi. Me ke jawo haka?

Kusan koyaushe an ɗaure ta sama da yawa ne. Ƙafar mutum tana sirancewa daga sha-raɓa zuwa idon sawu, don haka duk abin da aka ɗaure a wuri mai kauri, da an yi taku ashirin zai gangaro wuri mai siranta ya yi sako-sako. Maganin shi ne a ɗaure tun farko a inda ƙafar ta fi siranta, kamar faɗin yatsu uku ko huɗu sama da ƙashin idon sawu. Masu naɗe igiya gicciye-gicciye har kusa da gwiwa, irin na sojan Rum a wasan kwaikwayo, su ne ke sunkuyawa suna gyara duk daren.

Dalili na biyu igiyar ce kanta. Mai santsi ta leda ba ta riƙe ƙulli, ta auduga mai ɗan kakin zuma ta fi. Na uku safa: siririya mai sulɓi ba ta ba igiya abin kamawa. Kada kuma a nemi magance zamewa da matsewa. Igiyar da aka ja da ƙarfi tana shata layi a fata, ƙafa ta kumbura bayan awa biyu ko uku a tsaye. Idan igiyar ta yi tsawo, ƙarin zagaye ɗaya a wuri guda ya fi hawa da ita sama.

Baƙi ko ruwan ƙasa?

Fata ta bi fata. Jakar da ake ratayawa a gaban kilt, wadda suke kira sporran, da bel, da takalmi su zama launi ɗaya. Da rana, da kwat ɗin ulu mai kaushi irin na karkara, ruwan ƙasa yana da kyau ƙwarai, baƙi ma ya halatta. Da dare, ko da baƙin kwat mai maɓallan azurfa, baƙi kaɗai.

Idan liyafar dare ce ta manya, wane ne ya fi dacewa?

A nan kwat ɗin ne ke zaɓa wa mutum takalmi. Da kwat ɗin Argyll, wanda ke tsaka-tsaki, baƙin burog ko gili duk sun yi. Da gajeren kwat ɗin Prince Charlie da baƙin laktaye mai fukafuki, yawancin mutane gili suke sawa, kuma ba wanda zai ce uffan. Sai dai a nemi mai siririn tafi na fata, a goge shi ya yi ƙyalli, don mai kaurin tafi na masu fareti ne.

In kuwa shigar ta kai ta ƙarshe, wato kwat irin Montrose ko Sheriffmuir da farin leshi a wuya da safa mai gida-gida, takalmin da ya dace shi ne mai maɓallin azurfa. Iri biyu ne. Ɗaya yana da ɗan maɗauri da ya gitta saman ƙafa da babban maɓalli na ado wajen yatsu, shi ne hafsoshin rundunonin tsaunuka ke sawa a liyafar barikinsu. Ɗayan zura ƙafa kawai ake yi, maɓallin na kan harshe. Baƙo yakan ce na farkon ya yi kama da takalmin 'yan mata na makaranta, kuma gaskiya akwai kamar. Amma a kan safa mai gida-gida, buɗaɗɗen samansa ne ke barin adon safar ya fito, abin da gili ke ɓatawa da igiyoyinsa. Matsalarsa guda: maɓallin adon yakan maƙale ne da ɗan harshen fata ko ƙugiya, yana iya ficewa ana tsakiyar rawa. A duba shi kafin a fita, in yana motsi a kai wa shumeka ya kama shi da zare.

But fa? Da kambas?

But ya zauna da kilt fiye da yadda masu tsaurin ra'ayi ke yarda. Kilt cikakke yadi takwas ne na ulu mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi, kaya ne mai jiki, yana son takalmi mai jiki a ƙarƙashinsa. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sukotlan, da ake wa laƙabi da Tartan Army, sun mai da but da safa a tattare a idon sawu tamkar yunifom. Mai hawan tsauni ma but zai sa. A filin wasannin gargajiya ranar da aka kwana ana ruwa, takalmin roba na damina ba abin kunya ba ne. Kamfanin da ya haifi Hunter, sanannen sunan irin wannan takalmin roba, ma a Edinbara aka kafa shi a 1856. Masu jifan guduma a waɗannan wasanni kuwa nasu but ɗin har da ƙarfe mai tsini a gaba, suna kafa shi a ƙasa don kada nauyin gudumar ya ja su.

Sharaɗin dai shi ne sama ta yi daidai da ƙasa. But da rigar sanyi saƙaƙƙiya ko rigar ƙwallo, madalla. But da kwat mai maɓallan azurfa a ɗaurin aure, a'a, sai in ango ne ya ce haka yake so.

Kambas ba ya cikin gargajiya ko kaɗan, kuma a ganinmu yana sa kilt ya zama kamar kayan wasa. Wanda ya fi shi muni shi ne siririn takalmi mai dogon baki irin na Italiya. Ƙafa takan fito ƙarama ƙarƙashin safa mai kauri, mutum ya zama kamar tulu a kan tsinke.

Tafin fata ko na roba? Kuma mene ne amfanin ƙarfen da ke dunduniyar wasu?

A tambayi ƙasan da za a taka. Tafin fata na ɗakin rawa ne mai daɓen katako, yana barin ƙafa ta juya ba tare da gwiwa ta murɗe ba. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ko dutsen titi bayan ruwa kuwa santsi ne da shi kamar kuɓewa, kuma yana shan ruwa. Sabon tafin fata a goga masa takardar yashi kaɗan, ko a yi yawo da shi a kan siminti, kafin ranar biki. Tafin roba mai 'yan ƙusoshin roba, irin wanda ake kira Dainite, ya fi wa wanda zai yini a waje.

Ƙarfen dunduniya na masu busa da makaɗa ne. Yana rage cin dunduniya wajen fareti, yana ba da ƙarar taku. Wanda ya je gasar duniya ta ƙungiyoyin algaita da ake yi a filin Glasgow Green cikin Agusta zai ga gili mai kaurin tafi ko'ina. Ga baƙon biki ƙarfen nan masifa ne: yana zamewa a kan tayil da marmara, yana kuma karce daɓen katako, har wasu ɗakunan taro ba sa son a shiga da shi. In an riga an saya, shumeka zai cire shi ya sa roba cikin 'yan mintuna.

Wani abin dubawa shi ne yadda aka haɗa tafin. Wanda aka ɗinke, irin ɗinkin da ake kira Goodyear, ana iya sauya masa tafi sau da yawa. Wanda aka manna da gam ya fi araha da sauƙin nauyi, amma da ya fara buɗe baki kwanansa ya ƙare.

Wace lamba zan saya?

Lambar Birtaniya ake amfani da ita, ba irin 42 da 43 da aka saba da su a kasuwannin Kano ko Maraɗi ba. A ƙiyasi, 8 ta Birtaniya ita ce 42, 9 ita ce 43, 10 kuma tana wajen 44 zuwa 45, gwargwadon kamfani. Safar kilt ta fi safar yau da kullum kauri, don haka a gwada takalmi da ita a ƙafa, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe. Sau da yawa ƙarin rabin lamba ya isa. Kada a ƙara cikakkiyar lamba a gili: ba shi da harshen da zai cike gurbi, dunduniya za ta riƙa fita tana gogar fata har ta yi bororo. Mai tudun ƙafa kuma ya sani igiyar gili a kan safa kai tsaye take kwanciya, zai ji ta. Irin wannan ƙafa burog mai harshe ya fi mata daɗi.

Me ya sa ake ta faɗa a kan farar safa?

Saboda ita ce tambarin kayan haya. Shago yana zaɓenta don tana shiga da kowane zane, masu bin tsohuwar al'ada kuma suna ganin ta a matsayin sabon abu da ya yaɗu a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Ban da wannan akwai dalili na ido: fari yana janye kallo daga kilt zuwa ƙwauri, baƙar igiyar gili a kansa kuma tana fitowa kamar an zana da gawayi. Ga datti, ɗigon taɓo ɗaya ya isa.

Abin da ya fi shi ne safa mai launi da ta ɗauko ɗaya daga launukan zanen ko ta yi masa kishiya mai daɗi: toka-toka, kore mai duhu, shuɗi, ja mai duhu, ko ruwan hatsi. A ja ta ta tsaya kamar yatsu biyu ko uku ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a ɗaura robar da ke riƙe ta, a naɗo bakin safar ya rufe robar, 'yan ƙyallayen ado su leƙo ta gefen waje. Robar da ta matse tana sa ƙafa ta yi sanyi da tsami, wadda ta saki kuma safa ta zube. 'Yar wuƙar da ake sokawa a safa, sgian dubh, tana zama a gefen hannun da mutum ya fi amfani da shi, ƙotarta kaɗai a waje. Dokar Sukotlan ta yi rangwame ga wuƙar da ke cikin kayan gargajiya, amma wannan bai shafi jakar hannu a filin jirgin sama ba.

Safar ulu ta gaske, irin wadda ake saƙawa a garin Hawick, a wanke ta da hannu a ruwa mai ɗumi kaɗan, a shanya a kwance. Ruwan zafi da injin busarwa suna tsuke ta ta koma ta yaro.

Na ga wani gili mai laushi kamar safa. Shi ma na fita ne?

A'a, na rawa ne. Fata ce siririya ba dunduniya, masu rawar tsaunuka irin waɗanda ke gasa a garin Dunoon da masu rawar rukuni ta RSCDS, ƙungiyar raya rawar gargajiyar Sukotlan, wadda aka kafa a 1923, su ke sa shi. Ana sayensa a matse don yana buɗewa. A jaka ake zuwa da shi a sa a bakin fili. In aka taka titi da shi, tafin ba zai kai mako ba. Rawar biki ta gama-gari da suke kira ceilidh ba ta buƙatarsa.

Ga mai cire takalmi lokacin salla, wanne ya fi sauƙi? Kuma yaya batun irin fatar?

Gili yana cin minti biyu zuwa uku a kowace ƙafa kafin a ɗaure shi da kyau, kuma sai an samu wurin zama. Wanda zai yi alwala da salla sau biyu ko uku tsakanin ɗaurin aure da liyafar dare zai gaji da shi. Burog mai gajeriyar igiya ko mai maɓallin zurawa ya fi masa.

Game da fata, saman takalman nan galibi fatar saniya ce ko ta maraƙi. Shafin ciki ne abin tambaya, domin a sana'ar takalmi ana amfani da fatar alade wajen shafi, musamman a masu araha. Ana gane ta da 'yan ramukan gashi da ke zuwa uku-uku a jikinta. Tambarin da ke kan takalmi yakan nuna fata ce kawai ba tare da faɗin dabbar ba, don haka a tambayi mai shago ko a rubuta wa kamfanin kafin a biya.

In yi haya ko in saya? In na saya, yaya zan kula da shi?

Don biki ɗaya, haya ta wadatar, amma a gwada takalmin a shagon, kada a karɓe shi a leda a tafi. Takalmin haya ya bi ƙafafu da yawa, wani ya buɗe, wani igiyarsa ta gajarce ko tuntu ɗaya ya ɓace. Wanda ke da baƙin takalmin fata mai kyau a gida yana iya karɓar sauran kayan ya bar musu nasu.

Sabon takalmi a fara sa shi a gida, awa ɗaya ko biyu a rana har mako guda, da safar da za a sa ranar. Wajen gogewa a zare igiyar gaba ɗaya, in ba haka ba man takalmi zai shafe ta, ita kuma ta shafa wa safa baƙi. Man da ya cushe a hudojin ado a fitar da shi da tsohon buroshin haƙori ko tsinken sakace, don in ya bushe a ciki yakan yi fari-fari. Idan takalmin ya jiƙe, a cusa masa takardar jarida a bar shi ya bushe da kansa nesa da hita, a sauya takardar in ta jiƙe. Zafi kai tsaye yana busar da fata ta tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. A ajiye igiya ta biyu a cikin jakar gaba, domin ta gili ba a samunta a kowane kanti, kuma ta takalmin yau da kullum ba za ta kai ko zagaye ɗaya ba.